Kaura Ya Ƙetare Gulbi

Asabar, 25 ga Yuli, 1998

Yaron ya iso. Inna, mahaifiyata, ta aiko shi daga Tsafe a motar Buba, da 'yar jakarsa da ƙullin daddawa da saƙon baki. Saƙon: hutun nan nawa ne. In hutu ya ƙare, shi zai faɗi inda zai shiga sakandare, Gusau ko Tsafe. Ta ce ita ba za ta kore shi ba, ba kuma za ta riƙe shi ba.

Ya durƙusa tun daga bakin ƙofa. Na ce an zo lafiya. Ya ce lahiya lau. Hirar ke nan.

Ɗan fari ne. Ana yaye shi aka kai wa Inna, yadda aka kai ni wurin kakata. Shekararsa goma sha biyu, ban taɓa kiran sunansa ba. Hauwa'u ma ta fi ni. Ita da ta haife shi, abincinsa ƙanwarsa Hanatu take ba wa ta kai masa. Na sha rubuta sharhi a kan al'adun da ya kamata a bari, amma ban taɓa sa kunyar ɗan fari a cikinsu ba. Ga shi ko a nan alƙalami ya ƙi rubuta sunan.

Ina so ya zauna. A nan kaɗai zan iya faɗin haka.

Lahadi, 26 ga Yuli

Ya yini a gindin darbejiya yana sassaƙa kara. Hanatu ta yi ta kewaya shi har ta gaji. Ta zo ta ce, "Baba, Yaya ba ya magana. Ko a Tsafe saya ake yi?"

Laraba, 29 ga Yuli

Na samu dabara, ko abin da ya yi kama da ita.

Ina koyon aikin jarida a Kaduna na taɓa karanta a wata tsohuwar mujalla yadda hafsoshin wata ƙasar Turai suke koyon yaƙi a kan taswira, da 'yan guntayen katako, alƙali yana tsakani. Mutum biyu in suka zauna allo yana tsakaninsu, dole su yi magana, ko da ta rigima ce.

Na samo faffaɗan katako na zana ƙasarmu kamar yadda take kafin a san mota. Tsafe a gabas cikin duwatsunta. Bungudu a yamma, bayan gulbi. Gusau a tsakiya, dutsen Kwatarkwashi a kan hanya. Ganuwa da yumɓu. Ƙwallon dabino mahaya, wake 'yan baka, gyaɗa dakarun ƙasa. Kowane wasa zai fara da rani ya ƙare da damina. Damina na faɗuwa gulbi ya rufe, ba mai ƙetarewa.

Ban ɗauko wani yaƙi na gaske ba. Duk garin da ka tambaya su suka ci, kuma surukaina 'yan Bungudu ne.

Na nemi ƙwayar lido don a samu ɗan sa'a a ciki. Hauwa'u ta ce ba a gidan nan ba. Na ce wuri fa? Ta ce, "Wuri ai shi ne uban caca, kai da ka yi karatu." Na ce to in babu sa'a sai alƙali, kuma ke ce. Ta ce ita tuwo take tuƙawa. Ba ta ce a'a ba.

Juma'a, 31 ga Yuli

Wasan farko, bayan magariba, a kan tabarma a baranda.

Na daɗe ina bayanin doka. Kafin in gama Hanatu ta cinye kusan rabin dakarun Bungudu. Daga yau tsakuwa ce dakaru.

Na ba shi Tsafe, na ɗauki Bungudu, Hanatu ta riƙe Gusau tana sayar wa kowa hatsi. Ya kwashe mutanensa kaf ya hau dutse da su ya zauna. Nakan ce, "Kai, naka ne." Yakan ce, "To." Ya matsar da wake ɗaya. Har aka kira isha'i ba a harba kibiya ba.

Juma'a, 7 ga Agusta

Ya iya tsaro. Ya jera 'yan baka hagu da dama na mashigin dutse, yadda duk wanda ya shiga ba zai fito ba. Ban koya masa wannan ba.

Amma ba ya fitowa. Yau na yi kuskure na gaske, na bar gefena a buɗe. Ya gani. Na ga idonsa ya tsaya a wurin. Sai ya ɗauki tsakuwa ya mai da ita baya.

Asabar, 8 ga Agusta

Ba tsoro ba ne. Ba ya son ya ci ubansa ne.

Juma'a, 14 ga Agusta

Hanatu ta gyara abin da na kasa. Tsakiyar wasa ta ce, "Kai, kai, kai. Wane kai? Ni ma in an ce kai sai in waiwaya." Ta ce a ba kowa sarauta.

Shi Kaura, ni Ubandawaki, ita Madugu. Uwarsu Alƙali, ta ce ba ta son a ƙara mata komai a jiki.

Na gwada. Na ce, "Kaura, fili ake jin tsoro ne?"

Kansa a sunkuye ya ce, "Ubandawaki shi taho dutsi in ya isa."

Hauwa'u ta toshe baki da gefen mayafi. Hanatu ta faɗi a tabarma tana shure-shure. Ni na yi kamar ina gyara ganuwa.

Jimla guda ce, amma cikakkiya, har da tsokana a ciki. Na kuma lura Alƙali ta ce, "Kaura ya yi daidai," tana dubansa. Ban san ko ta lura ba.

Litinin, 17 ga Agusta

Aiki ya yi yawa a ɗakin labarai. Kowa ya kafa ƙungiya yana so a karanta sunansa a rediyo. Man fetur kuma sai a bakin titi cikin galan. Na dawo da ƙafa daga kasuwa zuwa Tudun Wada, na tarar shi da Hanatu sun shimfiɗa allon su kaɗai. Da ita har ihu yake yi. Ina sallama ya yi tsit.

Laraba, 19 ga Agusta

Na yi wauta.

Na ce tunda ba zai kawo hari ba, bari in ba shi nasara ya ɗanɗana. Na tura mahayana gaba ɗaya cikin mashigin nan nasa. Ya kwashe su, don ba yadda zai yi. Sai ya dubi uwarsa, ba ni ba, ya ce, "Alƙali, wanga ba yaƙi ba ne, kyauta ce." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Hauwa'u tana tattara wake ta ce, "Inna ta rene shi. Ka taɓa ganin Inna ta karɓi ragi a kasuwa don tausayi?"

Juma'a, 21 ga Agusta

Bai fito ba. Wai kansa ke ciwo. Na shimfiɗa allon duk da haka, muka yi da Hanatu. Ta sayar mini da hatsi, ta koma ta sayar wa Tsafe da babu kowa a cikinta.

Ba zan naɗe tabarmar nan ba.

Asabar, 22 ga Agusta

Na aiki Madugu. Na ce ta gaya wa Kaura, Ubandawaki ya ce abin da ya faru ba zai sake faruwa ba. Daga yau in ya samu wuya zai yanka.

Ta dawo da gudu. "Kaura ya ce ya ji."

"Shi ke nan?"

"Ya ce kuma a wasa wuƙar da kyau."

Ina zaton rabin na biyun nata ne. Ban bincika ba.

Lahadi, 23 ga Agusta

Na yanka. Ban bi ta mashigi ba. Na saye hatsin Gusau kaf, na zagaye dutsen na zauna. Alƙali ta riƙa cire masa tsakuwa ɗaya ɗaya saboda yunwa. Gumi har a hancinsa. Ya cije leɓe har Tsafe ta faɗi.

Na zaci zai tashi. Sai ya ce, yana kallon allon, "Da gaske haka anka yi ma garuruwa?"

Tambayar farko da ya taɓa yi mini. Na ɗauko littattafai. Na yi masa bayanin ganuwa da ramin da ake haƙawa a bayanta, da sarƙaƙiyar da ake shukawa don doki, da dalilin da ya sa gari mai rijiya a ciki ya fi gari mai dogon bango. Na ce mafi yawan garuruwa ba takobi ya ci su ba, rumbu ne ya ƙare. Hanatu ta yi barci a cinyar uwarta. Hauwa'u ta ce, "Tambaya ɗaya aka yi maka, ka karanta labaran duniya."

Shi dai bai yi hamma ba. Ya tafi ɗaki da littafi ɗaya, mai taswira.

Alhamis, 27 ga Agusta

Na sake cinsa jiya. Ya fi daɗewa. Wannan karon ya fito fili sau ɗaya ya ƙone mini hatsi, sannan ya koma.

Asabar, 29 ga Agusta

Mun je Bungudu gaba ɗaya gaishe da Yaya Bala, wan Hauwa'u. Bayan la'asar ya kai mu bakin gulbi. Ruwa ya cika ya yi ja, yana tafe da rassa. Wani manomi da gonarsa ke ƙetare ya tuɓe rigarsa ya naɗa a ka, ya rungumi ƙaton gora ya faɗa ruwa. Ruwan ya ja shi ƙasa sosai, amma ya fita a wancan gefe, ya saɓa gorarsa ya wuce abinsa.

Yaron ya tsaya kallo har muka yi nisa. Yaya Bala ya ce, "Ɗan dutsi, taho kar kada ta ɗauke ka. Ku Tsafe ko kwatami kunka gani sai kun yi salati."

Ya ce, "Kawu, mu ba mu gina gari inda ruwa ka kore mu ba."

Yaya Bala ya yi dariya har da tari. Ya ce da ni, "Wanga ai ba kurma ba ne. Kai ne dai ba ka iya tambaya ba."

A mota ya zauna kusa da taga, yana ta waiwayen gulbin.

Laraba, 2 ga Satumba

Na dawo da wuri. Na ji murya biyu a madafi, ƙasa-ƙasa, tata da tasa. Ban taɓa jin su tare ba. Ina leƙawa suka yi shiru. Yana riƙe da muciya kamar an kama shi da kayan sata.

Daga baya na tambaye ta. Ta ce, "Maganar Alƙali ce da mai ƙara. Ba ta shafe ka ba."

Juma'a, 4 ga Satumba

Na samar masa gurbi a sakandare nan Gusau. Shugaban makarantar ya ce zai riƙe har ranar komawa, 21 ga wata. Ban gaya wa yaron ba. In na gaya masa ya zama umarni, kuma Inna ta ce shi zai faɗa.

Na yi wa gwamnoni tambaya a bainar jama'a ban ji komai ba. Wannan guda ɗaya ta gagare ni.

Da yamma na ci shi, da ƙyar. Yana ta ajiye 'yan tsakuwa a wuraren da ba su da amfani. Ina jin gajiya ce.

Alhamis, 10 ga Satumba

Inna ta zo ɗaukarsa. Tun daga zaure take cewa, "Ina angona? Ku fito min da shi in gani ko an ramar da shi." Ya fito da gudu. Ban san yana gudu haka ba. Ta shafa kansa ta ce ya yi fari kamar ɗan birni, ta fasa auren.

Ta ga allon jingine a baranda. Aka yi mata bayani. Ta ce, "Bashiru, babba da kai, da gemu, kana wasa da ƙwallon dabino?"

Bayan azahar muka zauna mu biyu. Gwiwoyinta sun kumbura fiye da bara. Ta ce tun da ya taho gidan ya yi mata faɗi. Shi ka ɗebo mata ruwa, shi ka kai awaki, shi ka yi mata gardama. Na ce ta dawo Gusau mana. Ta ce ta bar ɗakinta ta zo ta zauna tana kallon bango? Sai ta ce, "Ni dai na hwaɗi magana, ba ni canzawa. Amma kai mi ka ba shi da zai zauna? Tuwo akwai shi Tsahe."

Duk wanda ya samu yaron nan, wani ya rasa. Ban yi wannan lissafin da kyau ba tun farko.

Asabar, 12 ga Satumba

Abin da ya faru jiya, a jere.

Inna ta ce a yi wasan a gabanta ta ga abin da ya hana jikanta kiwo. Aka sa mata kujera 'yar tsuguno.

Ya hau dutse kamar kullum. Na saye hatsi, na kwashe rundunar Bungudu kaf na ƙetare da rani, na zagaye shi. Ban bar kowa a gida ba, don damina na faɗuwa gulbi zai tsare mini gari. 'Yan tsakuwarsa kaɗan suna ta yawo can bakin gulbi. Na ɗauka gudu suka yi.

Alƙali ta ce damina ta faɗi.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ɓawon gyaɗa. Ya jera a bakin gulbi, ya ɗora tsakuwa ɗaya a cikin kowane. Ya ce, "Alƙali, dakaru na iya ƙetarewa da gora?"

Ta ce, "Dakaru na iyawa. Doki ba ya iyawa."

Na ce wannan ba ya cikin doka. Ta ce, "Ni na ƙetare gulbin nan da gora ina yarinya, da tallan fura a kaina. Kai kana ina? Ruwa zai ja su ƙasa gida biyu a allon, sannan su fita." Hukuncin a shirye yake. Yanzu na san abin da aka tattauna a madafi.

Na duba allon. Bungudu ba kowa. Mahayana suna wannan gefe, ba hanyar komawa. Ya tura ɓawon gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, ruwa ya ja su gida biyu, suka fita. Ya ɗauki tsakuwa ya ajiye a tsakiyar ganuwata. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Ubandawaki, an ci garinka."

An ce na buga cinya na kira sunansa. Hanatu ta ce sau biyu, na biyun har maƙwabta. Ni ban ji ba.

Hauwa'u ta sunkuyar da kai tana tsintar waken da bai zube ba. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "La'ilaha illallahu. Bashiru, da bakinka? Gabana? Ubanka har ya koma ga Allah bai taɓa kiran naka ba."

Na ce na sani, Inna.

Ta ce, "Boko dai bai bar muku kunya ba." Ta daɗe tana kallon yaron. Shi kuma yana kallon allon, yana danne murmushi bai iya ba. Sai ta ce, "To ango, tunda ka ci gari, sai ka ba mu ganima." Ya kwashe dabinon da ya rage a faranti ya zuba mata a zane.

Aka kira isha'i. Muka tafi masallaci ni da shi, a jere. Da can a bayana yake tafiya.

Lahadi, 13 ga Satumba

Sun tafi da hantsi. Bai faɗi komai game da makaranta ba, ni ma ban tambaya ba. Hauwa'u ce ta gaya masa akwai gurbi, ta kuma miƙa masa ƙunshin guzuri da hannunta.

A tasha ya durƙusa. Ya ce kar a taɓa allon, a bar shi yadda yake, Ubandawaki na da ramuwa. Inna tana gaban mota ba ta waiwayo ba.

Talata, 15 ga Satumba

Hanatu ta so ta share baranda. Na hana. Ɓawon gyaɗa na nan a bakin gulbi.

Na gano inda zan ajiye 'yan baka.

Alhamis, 17 ga Satumba

Na biya ta tasha a hanyar ofis. Ba wani dalili, hanya ce. Buba ya hango ni ya taso yana goge hannu. Ya ce Inna ta aika masa jiya: ya ajiye wuri ɗaya ranar Lahadi, da wurin akwatin ƙarfe a but. Ya ce ta kuma sa an nemo mata 'yar ƙanwarta daga ƙauye ta zo ta riƙa kwana da ita.

Buba mutum ne mai ƙara wa labari gishiri. Majiya ɗaya ce, a wurin aiki ba zan bari a karanta ba.

Na dai sayo katifa, don ta ɗakin ɗana Mahadi ta lotse. Ko ba komai baƙi na zuwa.

Daga Inna ba a ji komai ba tukuna.